Martani: Hasashen Sabuwar GT-R Ba Zancen Banza Ba Ne

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala inda ya yi wa masu sha'awar motoci wankin babban bargo. Laifinsu a wurinsa shi ne sun duƙufa kan hasashen yadda sabuwar Nissan GT-R za ta kasance, har sun raɗa mata suna R36 alhali kamfanin bai nuna ko madubinta ba. Wannan ya ce da fetur za ta yi aiki, wancan ya ce da lantarki, wani ya zana fuskarta, wani ya rantse fitilun bayanta huɗu masu zagaye ba za su sauya ba. Malam ya ga duk wannan zaman kashe wando ne. Ya kafa hujja da abubuwa huɗu: cewa maganar shaci-faɗi ce tsantsa, cewa kamfani ba ya jin surutun 'yan kallo, cewa kamfanonin ne ma ke hura wutar don a yi musu talla kyauta, sannan cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, tunda mafi yawan masu musun ba za su taɓa riƙe makullin motar ba. Ya rufe da gargaɗin cewa irin wannan sha'awa ce ke haifar da gangancin da ake gani a kan tituna.

Na san kishin matasa ne ya sa Malam ya yi magana, kuma ina girmama wannan kishi. Sai dai tarihin motoci bai goyi bayansa ba. Abin da nake son kafawa guda ne: hasashen nan hanya ce da masu ƙaunar mota ke bi su fahimci yadda ake ƙera ta, kuma da shi suke tsare ta idan masu ƙera ta suka nemi sauya mata hali.

Kafin a shiga hujjojin, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa wannan mota ta tsaya wa mutane a rai. Sunan GT-R ya fara fitowa ne a 1969, a jikin wata Nissan Skyline mai ƙofa huɗu. A 1973 ya ɓace bayan an ƙera guda 197 kacal na zubi na biyu, ya yi shekara 16 ba labari. Da ya dawo a 1989 a jikin samfurin R32, motar ta shiga gasar motocin Japan ta yi tsere 29 ta cinye duka 29, ta tsallaka Ostireliya ta lashe tseren Bathurst a 1991 da 1992. R34 ta biyo layi har zuwa 2002. Sai R35, wadda aka buɗe a baje-kolin Tokyo na 2007: inji mai silinda shida, lita 3.8, turbo biyu, ƙarfin doki 480, tana ja da ƙafa huɗu. Kowane inji mutum ɗaya ne ya haɗa shi da hannu a masana'antar Yokohama, ya manna ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa a jikinsa. Wannan mota ta yi shekara 18 a kasuwa, aka ƙera kusan guda 48,000, kuma ta ƙarshe ta sauko daga layin masana'antar Tochigi a watan Agustan 2025. A ranar, shugaban kamfanin, Ivan Espinosa, ya shaida wa masoyanta cewa rabuwar ba ta har abada ba ce, burinsu sunan ya dawo wata rana. Malam, mai kaya ne da kansa ya ce a saurare shi. Wanda ya tsaya yana tambayar yaushe, kuma da wace kama, bai yi shisshigi ba.

Hujja ta farko ita ce shaci-faɗi. A nan Malam ya zuba mutum biyu a kwando ɗaya: mai ƙirƙirar labari da ka, da mai karanta alamu. Na farkon akwai shi, kuma ba na kare shi. Na biyun kuwa aikinsa irin na mai bin sawu ne, wanda zai dubi ƙasa ya gaya maka dabbar da ta wuce, nauyinta, da inda ta nufa, ba tare da ya gan ta ba. Babu kamfanin da zai iya ƙera motar gudu a cikin ɗaki. Dole ya fito da ita ta sha sanyin Arjeplog a arewacin Suwidin, ta sha zafin hamadar Death Valley a Amurka, ta zagaya filin tseren Nürburgring na Jamus mai tsawon kilomita 20.8. A can masu ɗaukar hoto ke dakonta. Tun shekarun 1950 mujallar Jamus mai suna auto motor und sport ta fara buga irin waɗannan hotuna, shi ya sa kamfanoni suka koma lulluɓe motocin gwaji da leda mai zane-zanen baƙi da fari don su rikita ido.

Amma lulluɓi ba ya ɓoye komai da komai. Ka miƙa wa wanda ya san kan abin irin wannan hoto ka ga yadda zai bi shi. Zai fara da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da bakin ƙofa: idan doguwa ce, inji na gaba kuma a kwance yake da tsawo, idan direba ya matso har kusa da tayoyin gaba, inji na bayansa. Zai dubi ramukan shan iska a gefen bodi. Zai leƙa ta tsakanin ƙarafan rim ya auna faɗin faifan birki, domin babban birki shaida ce ta nauyi ko ta gudu. Zai ƙirga bakin salansa, ya duba ko na gaske ne ko na yaudara. Zai nemi ɗan tambarin nan ruwan ɗorawa da ake liƙa wa gilashin motocin gwaji masu babban batir don masu kai ɗauki su yi hattara da lantarki. Idan bidiyo ne, zai kasa kunne ya ji kukan injin da yadda giya ke shiga. Duk waɗannan ilimin ƙira ne, kuma wanda ya iya su ya fahimci mota fiye da da yawa daga cikin masu tuƙa ta.

Labarin Chevrolet Corvette ya isa misali. Daga 1953 har zuwa 2019 injinta a gaba yake. Shekara da shekaru mujallun Amurka na cewa ga ta nan za ta fito da inji a bayan direba, ba ta fito ba, har abin ya zama abin tsokana. Da Malam ya zo a wancan zamani, da ya ce ga shaidarsa nan. To amma ruwa ba ya tsami banza. Injiniyan motar, Zora Arkus-Duntov, ya ƙera motar gwaji mai irin wannan tsari tun 1960, kamfanin General Motors kuma ya yi ta ƙera wasu a bayanta har zuwa 1990. Kuɗi da shakkun manya ne suka riƙa danne shirin, kuma karyewar tattalin arzikin 2008 ta ƙara jinkirta shi. Da aka ɗauko hoton wata motar gwaji da aka yi wa shigar a-kori-kura ta Holden, masu lura suka ce a dubi inda direba ya zauna da faɗin tayoyin baya, wannan Corvette ce mai inji a tsakiya. Ranar 18 ga Yulin 2019, a Tustin ta jihar Kalifoniya, aka yaye mayafi, sai ga ta kamar yadda suka faɗa. Duntov ya rasu tun 1996 bai gani ba. Masu hasashen sun sha kuskuren lokaci, amma alƙiblar da suka nuna ita ce aka bi.

Haka aka yi da Toyota Supra. An nuna motar nuni mai suna FT-1 a Detroit a watan Janairun 2014, aka yi shekara biyar ana musu. Masu bin diddigi sun san Toyota da BMW sun ƙulla yarjejeniyar aiki tare, suka ga maɓallan BMW a cikin motocin gwaji, suka ce injin ma na Jamus ne. Wasu suka ƙi yarda don son zuciya. A Janairun 2019 ta fito da injin BMW mai silinda shida a jere, lita 3.0, ana haɗa ta a birnin Graz na Ostiriya tare da BMW Z4. Wanda ya bi hujja ya ci, wanda ya bi buri ya faɗi. Wannan kansa darasi ne da matashi zai ɗauka ya yi amfani da shi a wurare da yawa na rayuwa.

Hujja ta biyu, cewa kamfani ba ya saurare, ita ce mafi rauni, kuma a nan nake so Malam ya tsaya ya duba da kyau. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Ford ya yanke shawarar sauya Mustang, motar da ke kasuwa tun 1964. Shirin shi ne a ɗora sabuwar a kan ginshiƙin Mazda, ta koma jan gaba maimakon jan baya, a kuma cire mata injin nan mai silinda takwas da aka san ta da shi. An riga an gama zane, an tanadi masana'anta a Flat Rock ta jihar Michigan. A watan Afrilun 1987 mujallar AutoWeek ta fallasa shirin a bangonta. Masoya Mustang suka yi ta kwarara wa hedikwatar Ford wasiƙu, suna cewa wannan ba motarsu ba ce. Kamfanin ya janye. Motar da aka shirya ta fito da wani suna, Ford Probe, ta yi zamaninta ta ƙare a 1997. Mustang kuwa tana nan har yau, jan baya, da injinta mai silinda takwas. Waɗanda suka rubuta wasiƙun nan ba masu hannun jari ba ne. Mutane ne da suka ga hoton motar da ba ta fito ba, suka yi musu a kanta, suka ɗaga murya. Da sun bi shawarar Malam sun yi shiru sai an kawo ta kasuwa, da aikin gama ya gama.

Ba a Amurka kaɗai ba. A 2013 Porsche ta fitar da 911 GT3 da giyar otomatik kaɗai, injiniyoyinta suka ce ta fi sauri, kuma gaskiyarsu ne a agogo. Masoya suka ce sauri ba shi ne komai ba, suna son ƙafarsu ta taka kulochi, hannunsu ya sa giya. A 2016 kamfanin ya gwada su da 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal. Aka wawashe, farashinta a hannu na biyu ya ninka. A 2017 giyar hannu ta dawo cikin GT3. Supra ma da otomatik kaɗai ta fito a 2019, aka yi ta ƙorafi, a 2022 Toyota ta sanar da mai giyar hannu. Dalilin a bayyane yake. Motar gudu ba motar larura ba ce. Mai sayen motar haya lissafin mai da kayan gyara yake yi. Mai sayen motar gudu suna da tarihi yake saye, kuma masu riƙe da wannan suna su ne dubban masoyan da ke magana a kanta. Ranar da suka ce wannan ba GT-R ba ce, attajirin ma zai mayar da kuɗinsa aljihu.

Hujja ta uku tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Lallai kamfanoni na amfana da wannan zumuɗi, suna kuma hura shi. A watan Afrilun 2019 shugabar General Motors, Mary Barra, ta shiga Corvette mai lulluɓi aka zaga da ita titunan New York da gangan don a ɗauki hoto. Akwai ma abin da ya fi wannan muni. A Nuwamban 2017 Tesla ta nuna sabuwar Roadster, ta yi alƙawarin tafiyar kilomita 1,000 a caji ɗaya da fitowa a 2020, ta karɓi kafin alƙalami na dala 50,000, wasu ma dala 250,000. Wa'adin ya wuce da shekaru ba a miƙa wa kowa makulli ba. Idan wannan ne ke damun Malam, muna tare.

To amma su wa suka fi kama kamfani da irin wannan romon baka? Su ne dai masu bin diddigin nan. Su ke riƙe da ranar da aka yi alƙawari, su ke lissafa nauyin batir su ce alƙaluman ba su haɗu ba, su ke ajiye hoton motar nuni kusa da na motar kasuwa su nuna abin da aka rage. Su suka fi kowa sanin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin da bai taɓa sa kansa cikin wannan musu ba shi talla ke kamawa da sauƙi, domin ba shi da ma'aunin da zai auna abin da aka gaya masa. Maganin yaudara sani ne, kuma sanin nan a cikin muhawarar ake samunsa.

Bari in gwada wa mai karatu yadda hasashe mai hujja yake, a kan ita R36 ɗin. Alama ta farko ita ce yadda R35 ta mutu. Doka ce ta bi ta ƙasa-ƙasa: ta bar Ostireliya a 2021 saboda sabuwar ƙa'idar kariya daga karo ta gefe, ta bar Turai a 2022 saboda ƙa'idar ƙara, aka daina ƙera ta don Amurka a 2024. Ke nan duk wadda za ta gaje ta dole ta fi ta tsaftar hayaƙi da sauƙin ƙara, wanda ke nuna lantarki zai shigo cikinta ta wata fuska. Alama ta biyu ita ce motar nunin da Nissan ta kai baje-kolin Tokyo a Oktoban 2023 mai suna Hyper Force: lantarki zalla, ƙarfin kilowat 1,000, ja da ƙafa huɗu, fitilun baya huɗu masu zagaye, da batir na sabon zubi wanda babu ruwa a cikinsa, irin wanda kamfanin ya ce yana fatan kai wa kasuwa wajen 2028. Alama ta uku ita ce nauyi. R35 ta kai kimanin kilo 1,740, tun a lokacin ana cewa ta yi ƙiba. Batirin yau yana da nauyi, kuma yana zafi idan aka matsa masa zagaye bayan zagaye, alhali sunan GT-R a filin tsere aka gina shi. A 2013 samfurin Nismo ya zagaye Nürburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 8. Alama ta huɗu ita ce aljihun kamfanin. Nissan ta yi asarar yen biliyan 670 a shekarar kuɗi ta 2024, ta sanar da rage ma'aikata 20,000 da rufe masana'antu bakwai. Kamfanin da ke cikin wannan hali motocin abinci zai fara gyarawa kafin motar alfahari.

Idan aka haɗa waɗannan, ra'ayina shi ne R36 ba za ta zo da wuri ba, kuma idan ta zo zai fi yiwuwa ta haɗa injin fetur mai turbo da taimakon lantarki, sai fa idan sabon batirin ya cika alƙawarinsa kafin nan. Wannan hanya ma tana da ƙaya. Honda ta bi ta da NSX ta biyu a 2016, kasuwa ba ta karɓa sosai ba, aka rufe a 2022. Mercedes-AMG ta cire wa C63 injin silinda takwas ta sa mai huɗu da batir, ƙarfi ya ƙaru, nauyi ya haura tan biyu, masoya suka juya baya. Abin da nake ganin ya fi cancanta a yi musu a kansa ma shi ne farashi. R35 ta fito a Japan kan yen miliyan 7.77, a Amurka kan ƙasa da dala 70,000, tana gogayya da motocin da suka ninka ta kuɗi. Wannan shi ne ruhinta: gudun manya a farashin da ma'aikaci mai rufin asiri zai iya hange. Idan sabuwar ta zo da kuɗin Ferrari, ko fitilunta sun kai takwas ta bar gida. Wani zai iya saɓa mini, ya kawo tasa hujjar, mu auna. Ina shaci-faɗi a cikin wannan?

Sai hujja ta huɗu, wadda ta fi taɓa ni, domin ita ce ta shafi yaranmu kai tsaye. Malam na ganin wanda ba zai iya sayen abu ba, ba shi da hurumin nazarinsa. Da haka ne, da ɗalibin gine-gine bai kalli hoton dogon bene ba, da mai koyon tuƙin jirgi bai buɗe littafi ba sai ya mallaki jirgi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya sha faɗa cewa tun yana yaro yake zana motoci. Ya tafi kwalejin zane a Detroit, ya yi aiki da General Motors, shi ya zana motar nunin Chevrolet Volt da aka buɗe a 2007, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Nijeriya. Yaron da yau yake zaune da biro yana zana yadda yake ganin R36 za ta fito, yana gogewa yana sakewa don hancin motar ya dace da tsawonta, aikin da Jelani ya fara da shi yake yi. Idan muka kira shi malalaci, mun kashe masa gwiwa a daidai inda ya kamata mu ɗora shi.

Akwai kuma amfani na kusa, na abinci. Abin da aka gwada a motar gudu yau, shi ke zuwa garejin unguwa gobe. Birkin faifai ya nuna kansa ne a tseren Le Mans na 1953 a jikin Jaguar. Yau yana jikin kusan kowace mota. Giya mai kulochi biyu Porsche ta gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, Volkswagen ta sa ta a Golf a 2003. Turbo da ake gani abin al'ajabi a Porsche 911 ta 1975 yanzu yana cikin Honda Civic ta 2016 da Accord ta 2018, masu ƙaramin inji lita 1.5, kuma waɗannan motoci sun riga sun shigo kasuwanninmu a hannu na biyu. Ka je gareji ka ga bambanci. Za a turo mota fitilar inji na ci a dashbod. Wani bakanike zai buɗe bonet ya tsaya yana neman abin da ya saba da shi tun zamanin kafireta, ya sauya fulogi, ya sauya famfon mai, mai mota na biya matsala na nan. Yaronsa kuwa, wanda ake yi wa faɗa kan yawan kallon motocin Turawa a waya, shi zai jona na'urar bincike, ya karanta lambar, ya ce iska ce ke zuba a bututun turbo, ko kuma baƙin man da aka zuba bai dace da injin ba. A ina ya koya? A wancan musun da Malam ya raina. Motoci masu haɗa fetur da batir ma suna ƙaruwa a titunanmu, kuma rewayan da bai san haɗarin babban batir ba rayuwarsa yake sa wa a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Game da ganganci, ni ma ina baƙin cikin wasan mota da ake yi a bukukuwa da tsakiyar gari, kuma rayukan da ake rasawa ba abin wasa ba ne. Amma a duba su wa ke yin sa. Mai juya motar gida a cikin taron jama'a, da sudaddiyar taya da birkin da bai san lafiyarsa ba, jahiltar mota ce ke ɗawainiya da shi. Wanda ya karanta dalilin da ya sa ake kai mota filin tsere mai shinge, da hular kwano da motar asibiti a gefe, wanda ya san cewa idan gudu ya ninka biyu tazarar tsayawa na ninka huɗu, shi ne zai fi jin tsoron taka totur a bakin kasuwa. Ita kanta Nissan ta nuna hanyar da ta dace: daga 2008 ta riƙa zaɓo gwanayen wasan bidiyo na Gran Turismo tana horar da su a fili na gaskiya, har irin su Jann Mardenborough suka zama cikakkun direbobin tsere. Sha'awar da aka ba ilimi da wuri mai aminci sana'a take zama. Wadda aka tsangwama kuwa, titi take fita.

Saboda haka roƙona ga Malam da sauran masu alƙalami shi ne mu shiga cikin wannan hira maimakon mu kore ta. Matasanmu na karanta labarin motoci cikin harsunan wasu, domin mu ba mu rubuta musu da Hausa ba. Mu bayyana musu yadda turbo ke aiki, me ya sa ake sa inji a tsakiya, mene ne bambancin motar nuni da motar kasuwa, yaya ake gane labarin da ke da tushe daga wanda aka ƙaga don jan hankali. Mu koya musu su riƙa tambayar wa ya faɗa, yaushe, kuma me zai ci idan aka yarda da shi. Makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai su ɗauki wannan zumuɗi su mayar da shi darasi, su sa gasar zane, su kawo injin zamani a kwance a gaban yara. Ko Nissan ta fito da R36 nan da shekara uku, ko ta ɗauki goma sha shida kamar yadda ta taɓa yi, yaron da ya koyi auna hujja da karanta inji a dalilinta ya riga ya samu rabonsa, kuma ƙasar da ke sayo kusan duk motocinta daga waje tana buƙatar irinsa da yawa.